Ranar da Ban Dubi Idon Malam Habibu Ba

Tun da na aje aiki, duk sanda na biyo ta ɗakin gwajin ido in gaishe ku, sai in same ku kuna ta raha da na'urarku mai hura wa ido iska. Kuna cewa aikin nan ba wuya: a zaunar da mutum, a nuna masa allo, a ɗora masa gilashi, a sallame shi. Ɗayanku ma ya ce mini ai a kasuwar Madawa zuba tabarau ake yi a faranti kamar goro, kowa ya zaɓi nasa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. To ku aje wayoyinku in ba ku labarin idon mutum ɗaya, wanda aka kawo mini yana gani, ni kuma da bakina na ce masa lafiyarsa lau. Shekaru sun ja, amma har yau abin bai bar zuciyata ba.

Wadda ta koya mini aiki sunanta Majo Rabi. Majo muke ce wa babban ma'aikacin jinya, ita kuwa ta ci sunan, don ko dariya da awo take yinta. Na zo mata daga Tamaske da takardata ina jin kaina likita. Wata uku ba ta bar ni na taɓa akwatin gilasai ba. Abin da ta miƙo mini shi ne wani ɗan madubi mai jan baya, irin wanda mata ke sa kwalli da shi. Ta zaunar da wani mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko ke nan, ta ba shi jarida, ta jingina madubin a gefen takardar, ta tsayar da ni a bayansa.

Ta ce, "Isuhu, ka ji da kunnenka shina karatu. To toshe kunnen, ka diba madubi, ka gaya min mi idonai ka yi."

Ni a zatona ido bin layi yake sumul, yadda ruwa ke bin kwalbatin garka. Ashe ba haka ba ne. Tsalle yake yi. Ya yi ɗan tsalle ya tsaya, ya yi ɗan tsalle ya tsaya, kamar kaza tana tsintar gero. Wani lokaci ya koma baya ya ɗauko kalmar da ta kuɓuce masa. In ya kai ƙarshen layi sai ya yi dogon tsalle guda ya dira a farkon na ƙasa. Mai karatun boko nasa daga hagu yake tafiya zuwa dama, mai karatun Arabiyya daga dama zuwa hagu, amma tsallen ɗaya ne. Wanda kuwa yake karantowa daga ka, bakinsa na gudu, idonsa na kwance a wuri ɗaya. Majo ta ce baki ya iya ruɗi, ido bai iya ba, saboda haka kada in taɓa sallamar mutum don kunnena ya gamsu.

Na tambaye ta me ya sa sai da madubi. Ta harare ni ta ce, "Ni mace, in tsaya in ƙura wa uban wani ido? Ko kai namiji, wa yah hore ka da kallon tsakiyar idon babba?" Gaskiyarta. Mu nan tun muna yara ake koya mana in babba na magana a sunkuyar da kai. Sana'armu kuwa gaba ɗayanta kallon tsakiyar ido ce. Madubin nan shi ne dabararta: ka ga abin da kake nema, dattijo kuma bai ji an yi masa rashin kunya ba.

Sauran kayan aiki kun san su, ko da yake kun mayar da wasu kayan tarihi. Akwatin katako mai gilasai jere, kowane da raminsa. Allon gwaji mai harafin nan mai ƙafa uku, wanda bai yi lakwal ba sai ya nuna da hannu inda ƙafafun suka dosa. 'Yar fitilar leƙa cikin ido, wadda sai ka matso har hancinka ya kusa taɓa kuncin mutum. Sai ma'aunin ƙarfe mai allura, wanda ake kwantar da mutum, a ɗiga masa maganin kashe zafi, a ɗora masa a ƙwayar ido a ga taurinta. Da su na yi ta yawo a kan moto, wato babur, ƙauyukan Buza da na Keita, ina ɗaure akwatin da roba a bayana. Teloli da allura ta fara gagara, tsofaffin mata da ba sa ganin tsakuwa a cikin wake, 'yan albasa da ke son ganin lissafin buhunansu, duk nawa ne. Mafi yawansu gilashin karatu kawai suke bukata, su tafi suna sa mini albarka. Albarkar nan ce ta kumbura mini kai, har madubin Majo ya koma can ƙasan akwati.

Cuta ɗaya ce Majo take tsoro, ta kuma sa mini tsoronta: tansiyon ido, wanda wasu ke ce wa hawan jinin ido. Yanar ido, in ta rufe ido, ana yin aiki a cire ta, mutum ya koma gani. Wannan kuwa ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Daga gefe yake fara ci, a hankali, ya bar wa mutum tsakiya. Sai ka ga mutum yana karo da abin da ke gefensa alhali yana gane fuskarka. Abin da ya ci ya ciwu har abada. Iyakar abin da magani ke yi shi ne ya tsare abin da ya rage, don haka kowane wata da aka yi sakaci akwai abin da ya tafi.

Wata rana cikin azumi na sauka a wani ƙauye kusa da Tama. Shekarar azumi ya faɗo a ƙarshen bazara, zafi kamar ya tsaga dutse. Na yi ta gwaji tun hantsi a ƙarƙashin rumfa, bakina ya bushe, hankalina duk yana kan in kama hanya in sha ruwa a gida. Bayan la'asar ina haɗa kaya sai na ga mutane suna miƙewa. Malam Habibu ne, limamin garin, wanda ko a Madawa in an ambaci sunansa sai an ce Allah ya ƙara masa lafiya. Ƙanensa Ada na biye da shi riƙe da buzu. Na durƙusa na gaishe shi.

Ada ya ce, "Likita, ni nim matsa mai ya taho. Kwanan ga kahwaɗatai na bugun ƙohwar zaure. In an aje buta hagunai, sai ya yi karo da ita."

Malam ya yi murmushi ya ce, "Ada ya cika sa ido. Tsuhwa ta, likita. Luneti, tabarau na karatu, nika so, baƙi ya hwara yi min ƙanana."

Kun ji abin da Ada ya faɗa. Ko ɗan koyo na wata ɗaya ya san me ake nufi da kafaɗa mai bugun ƙofa. Ni ma na ji, kuma wani abu ya motsa mini a zuciya. Na ce Allah gafarta Malam, akwai wani awo da nake son yi, amma sai na ɗiga magani. Ya ɗaga hannu ya ce maganin ido yana sauka a maƙogwaro, ba zai ɓata azuminsa ba, a bari sai bayan salla. Na kai hannu ga allon gwaji, ya ce wannan na 'yan lakwal ne, shi ga abin karatunsa. Ya buɗe gafaka ya fito da Alƙur'aninsa, rubutun hannu, baƙaƙe sirara. Na ɗora masa gilashi, ya yi basmala ya fara.

Ban taɓa jin karatu mai daɗin wannan ba. Rumfa ta yi tsit. Ni kuwa, ɗan tarbiyya, na durƙusa a gabansa na sunkuyar da kai ina kallon buzu. Madubi na cikin akwati, taku biyu daga inda nake. Fitila na cikin aljihuna, ita ko magani ba ta bukata, amma yaya zan kai hancina kuncin Malam Habibu a gaban jama'arsa? Ya karanta shafi guda ba gargada. Da ya kai aya na ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya karanta wannan siririn rubutu idonsa lafiya lau." Na ba shi tabarau, ya yi mini addu'a mai tsawo, na hau moto. Saura kaɗan rana ta faɗi a lokacin. Da na zauna na sha ruwa tare da su, da na ɗiga maganin na yi awona ba tare da an ɓata azumin kowa ba. Wannan tunanin bai zo mini ba sai daga baya.

Ranar salla na je gaida Majo Rabi, lokacin ta tsufa ta aje aiki. Ina cikin ba ta labarin ƙauyuka, sai na shiga fariya, na ce har Malam Habibu na gwada, dattijo amma ido kamar na saurayi.

Ta ce, "Mi yak kawo shi?"

Na ce wai kafaɗarsa ke bugun ƙofa.

Ta aje kofin da ke hannunta. "Mi kab ba shi ya karanta?"

Na ce Alƙur'aninsa.

"Mutumin da yah haddace shi tun ba a haihe ka ba? Ka ga idonai na tsalle?"

Ban ga idonsa ba. Ko launin ƙwayar idonsa ba zan iya faɗa ba. Buzu na gani, da yatsun ƙafarsa.

Ta ce, "Tashi ka tahi. Kak ka tsaya cin tuwon salla."

Washegari na kama hanya, sai dai ruwan farko ya riga ni. Kun san koramun ƙasar nan, da safe yashi, da rana sun cika baki da baki suna jan itatuwa. Kwana biyu na yi a wani ƙauye ina jiran ruwa ya janye. Da na isa, Ada na samu a gona yana shuka. Ya ce Malam ya tafi tun kashegarin salla, ya ƙetara iyaka zuwa kudu, wai ziyarar tsofaffin ɗalibansa. Wane gari? Ada bai sani ba, don yau yana nan gobe yana can. Yaushe zai dawo? Sai an ga hali. Waya kuwa a lokacin ba ta kai ƙauyuka ba. Na ja Ada gefe na gaya masa gaskiya, cewa mai yiwuwa idon yayansa na mutuwa, kuma ni na sallame shi. Ya ce, "Amma kai kac ce lahiya lau."

Wannan ita ce mummunar shekarata. Damina ta yi kyau, kowa na murna, ni ina lissafin watanni. Na rubuta wasiƙa uku na ba direbobin kamyon, manyan motocin albasa masu zuwa kudu, ba wadda aka amsa. Kowane mako sai na aika a tambayi Ada. In ina aiki na ji ƙarar sanda tana dukan daɓen baranda, ƙwas, ƙwas, sai in kasa ɗaga kai, don ina tsoron in ga an jawo Malam Habibu. Gilashin da na shekara goma ina riƙewa ya suɓuce ya fashe a gaban wata tsohuwa. Na koma auna taurin idon duk wanda ya shigo, har wanda ƙwaro ya faɗa wa a ido, abokan aiki suna ce mini Isufu mai ma'auni. Ban damu da tsiyarsu ba. Abin da ke cina shi ne na san yadda cutar take aiki, na san ba ta hutun damina, kuma mutumin yana can da tabarau a aljihu da maganata a kunne.

Sai da aka yanke gero ana zuba damma a rumbu Ada ya aiko cewa Malam ya dawo. Da sassafe na isa. Na same shi a zaure da dattawan gari, yana sanye da tabarau ɗin nan nawa. Da na yi sallama bai juyo da ido ba, da kai gaba ɗaya ya juyo, yana neman inda nake. Na gaishe shi na ce ina son ganinsa shi kaɗai. Ya sallami mutane, Ada kawai ya rage.

Wannan karon da takardata na zo. Na rubuta ta da ajami, manyan baƙaƙe, magana ce wadda ba ta cikin kowane littafi: akuyar Ada ta shiga garkar albasa ta cinye rabi. Na miƙa masa, na jingina madubin Majo a gwiwarsa, na koma bayansa. Na ce ya rufe idon dama da tafin hannu ya karanta. Ya yi basmala, ya yi shiru. A cikin madubi na ga idon hagu yana yawo, ba tsalle, ba tsayawa, bai ma san inda takardar take ba. Na ce ya sauya hannu. Idon dama ya yi ta laluben saman takarda har ya faɗa kan layi. Ya kama baƙi ɗaya, ya matsar da kai, ya kama na biyu. Da kai yake bin layin, don abin da ya rage masa bai fi a leƙa ta cikin bututu ba. Ya daɗe kafin ya ce, "Akuyar Ada." Ada ya juya fuska ga bango.

Na ce, "Allah gafarta Malam, yau zan yi maka rashin kunya." Na fito da fitila na matsa har ina jin numfashinsa a kuncina. Jijiyar ido mai lafiya ja-ja take, da ɗan rami a tsakiya. Ta hagunsa ta zama fara fat, ta rarake kamar ƙwarya. Ta dama saura ɗan siririn baki. Na kwantar da shi a buzu, na ɗiga magani, na ɗora ma'auni. Allura ta ƙi motsi, ido ya yi tauri kamar goriba.

Na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce hagu ya tafi, ba mai dawo da shi sai Allah. Dama za mu yi ƙoƙarin tsare abin da ya saura. Na ce kuma laifina ne, don ranar nan ban dube shi ba, na ji da kunne na yanke hukunci.

Ya tashi zaune, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce, "Na san ba ka dibe ni ba, likita. Ina jin kanka na ƙasa. Kuma na ji daɗi da ba ka diba ba."

Na mayar da fitila aljihuna.

Ya ce, "Kana zaton banza nit taho da littahina? Tun bara nis san abin ga. Tsoro nika ji a ce min liman ya makance. Da kac ce lahiya lau, na san ba haka ba na, amma na riƙe maganarka awa wanda ruwa ya ci ya samu kara. Tahiyag ga ma ba ziyara ta ba. Magani nib bi nema inda ba a san ni ba, an ta zuba min abubuwa." Sannan ya ce, "Kai ka ji kunyata, ni na ji tsoron bakinka. Ga abin da munka haihwa mu biyu."

Na tura shi babban asibiti, aka ɗora shi a kan maganin ɗigawa safe da yamma. Da azumi ya zagayo shi da kansa ya tsara, ɗigo ɗaya da sahur, ɗaya bayan shan ruwa. Ɗan abin da ya rage ya kai shi masallaci da ƙafarsa har ya koma ga Allah, amma bai sake karanta shafi da ido ba. Na taɓa tambayar Majo ko da na gano cutar tun cikin azumin nan da hagun ya tsira. Ta ce Allah kaɗai ya san abin da wata shida suka ci, kuma kada in nemi ta wanke ni. Ba ta wanke ni ba har ta rasu. Madubin ta bar mini, ga shi nan a aljihuna.

To ga dalilin da ya sa na tara ku yau, ba don daɗin labari ba. Allon nan da ke rataye a bangonku, shekara talatin ina tsaye kusa da shi da sanda. Sama, hagu, hagu, ƙasa, dama: zan karanto muku shi tun daga babban harafi har layin ƙarshe ina kallon rufin ɗaki. Kuma duk sanda na shigo nan miƙewa kuke yi, ku ce sannu Baba, ku sunkuyar da kai. Shekaranjiya zan shiga gida kafaɗata ta bugi ƙofar zaure. Na tsaya na ce duhun zaure ne. Jiya ta sake bugu, da rana tsaka, gefen hagu.

Kwana biyu ke nan ina zagaya ɗakin nan ina kasa shigowa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, kuma na san kaina: in na zauna a kujerar nan zan yi muku raha, in ce tsufa ce, in karanto muku allo tiryan-tiryan. Kada ku saurare ni. Ɗayanku ya karɓi madubin nan, ya rubuto mini abin da ban taɓa gani ba. In ya gama ya ɗauki fitila ya matso har hancinsa ya taɓa kuncina, ko da na ce masa ba shi da kunya.